An Ɗauki Hoton Adarawa, Wa Ya Tambayi Ra'ayinsu?

Akwai wata majalisa a ƙasar Adar wadda ba ta da shugaba, ba ta da magatakarda, ba a kuma taɓa samun dokar da ta rusa ta ba. A watan Afrilun 2024 hukumomin soja sun rusa majalisun ƙananan hukumomi da jama'a suka zaɓa, a watan Maris na 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya, amma wannan majalisa tana nan tana zamanta safe da yamma. Ita ce majalisar masu kallon fim. A Tabotaki, cikin gundumar Buza, da sauran garuruwan da ke tsakanin Keita da Madawa, takan zauna a fadar samari kusa da butar shayi, da rumfar mai cajin waya, da bakin rijiya, da gindin turmi inda mata ke daka. Abin da ke gabanta kullum ɗaya ne, wato fim ɗin da aka kalla jiya da dare: wa ya yi gaskiya a cikinsa, wa ya yi zalunci, kuma ko wanda ya shirya shi ya san abin da yake faɗa ko kuwa shaci-faɗi kawai yake yi.

Wasu 'yan boko sukan ɗauki wannan hira a matsayin zaman kashe wando. Sun yi kuskure. Fadodin samari sun yaɗu a Nijar ne a shekarun 1990, lokacin da Taron Ƙasa na 1991 ya saki bakin jama'a, kowa ya fara faɗin abin da ke ransa game da masu mulki. A daidai wannan zamani ne kaset ɗin bidiyo na Kano ya fara ratsowa ta Ƙonni da Maraɗi. Tun daga nan abubuwan biyu suke tafiya tare. Saurayin da ya koyi cewa yana da ikon ya ce fim kaza bai yi ma'ana ba, ya kawo hujjarsa, ya saurari ta abokinsa, har ya yarda an kayar da shi ba tare da an zare wuƙa ba, ya koyi wani darasi da ba a koyar da shi a lakwal ba.

Hanyar da fim ke isa ƙauye a yau ta fi ta da sauƙi nesa ba kusa ba. An bar kaset, an bar faifai. Mai tura fim yana zaune ran kasuwa da kwamfutarsa da farantin sola, a miƙa masa memori ya cika shi, a koma gida a raba wa maƙwabta daga waya zuwa waya. Wayoyin kuwa galibi 'yan bida ne suka kawo su tsaraba daga Abijan ko Legas ko Libiya. Da yake maza majiya ƙarfi sukan bar garuruwan Adar da zarar an kai amfanin gona rumbu, babban kason masu kallo a lokacin rani mata ne da yara da tsofaffi. Har ma sharhin yana ƙetare iyaka: matar da ke ƙauye ta aika wa mijinta saƙon murya ta WhatsApp a kan abin da ya faru a kashin wannan mako, shi kuma ya maido mata da nasa hukuncin daga bakin teku. Ba ta buƙatar iya karatu kafin ta yi haka.

Kuma sharhin ba na wasa ba ne. Tun da aka fara nuna Izzar So a 2020 ake gardama a kan Umar Hashim, matsayin da Lawan Ahmad ke fitowa a cikinsa. Wasu sun ce shi ne abin koyi, talaka mai gaskiya da ilmin addini wanda dukiya ba ta ruɗe shi ba. Wasu kuma sun ce ba a taɓa haihuwar mutum irin wannan ba, cewa wanda ba ya kuskure ba ya koya wa masu kuskure komai, kuma wa'azi a bakin ɗan wasa daban yake da wa'azi a kan buzu. Masu magana ta biyu sun fi kusa da gaskiya. Haka da Labarina na Aminu Saira, wanda shi ma ya fara a 2020: lokacin da aka canza 'yar wasan da ke fitowa a matsayin Sumayya, masu kallo sun yi ta cewa an ba su wata mace dabam an ce ita ce ta jiya. Ƙorafin da ya fi yawa a kan irin waɗannan finafinai masu dogon zango shi ne jan rai, labarin da zai ƙare a mako huɗu a miƙe shi shekara guda don a ci gaba da samun kuɗin talla. Manomi ya san bambancin gero da ƙaiƙayi, ba sai an yi masa bayani ba.

Ba a ce majalisar ba ta da aibu ba. Sau da yawa takan bar fim ta koma kan rayuwar 'yar fim, wa ta aura, me ya fito da ita daga gidan miji, wace tufa ta sa a wurin biki. Akan tsani ɗan wasa saboda ya fito a mugu, kamar shi ya rubuta labarin. Wannan gulma ce, kuma gulma ba ta gyara fim ko ɗaya. To amma irin wannan rauni ba ya warkewa da rufe bakin mutane. Yana raguwa ne idan aka ba su abin da ya cancanci a yi gardama a kansa.

A nan ne babban abin takaicin yake. Dukan wannan basira ta sharhi tana ƙarewa ne a kan labarun gidajen attajiran Kano da finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, alhali kuwa akwai finafinan da aka yi a kan rayuwar Adarawa su kansu, da bakinsu, a cikin gonakinsu. Duk mai shakka ya je wurin mai tura fim a kasuwar Buza ko ta Madawa ya nemi aikin Sani Magori, ya ga ko za a san wanda yake nufi.

Sani Elhadj Magori ɗan Galmi ne, masanin aikin gona kafin ya zama mai shirya fim. A 2008 ya fitar da fim na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, mai suna Pour le meilleur et pour l'oignon, a kan wani manomin albasa na garinsu wanda ya yi alkawarin aurar da ɗiyarsa idan an cire albasa, bayan an daɗe ana jira, dangin miji sun matsa, gari ya ɗauki surutu. Daga nan duk abin da ya taɓa albasa ya taɓa auren: ruwa, irin shuka, farashin buhu, dillalan da ke sayen ta su loda wa manyan motoci zuwa ƙasashen bakin teku. Ƙarfin fim ɗin shi ne bai tsaya yana ba kowa tausayi ba. Ya nuna manomi a matsayin mai lissafi, mai ɗaukar kasada, wanda ya san kasuwa ta fi ƙarfinsa amma bai sallama ba. Duk da haka akwai tambayoyin da sai manomin fadamar Majiya ne zai iya yi masa. Shin an nuna nauyin bashin da ake ci kafin a dasa yadda ya kamata? Shin an yi wa dillali adalci, ko an sauƙaƙa masa? Alƙalan bukukuwan finafinai na Turai sun yaba, sun ba da kyaututtuka, amma babu ɗayansu da ya taɓa kwana yana ban ruwa, ko ya ga albasarsa tana ruɓewa a rudu yana jiran farashi ya tashi.

Fim ɗinsa na biyu, Koukan Kourcia, na 2010, ya fi shiga ƙashi. Wata tsohuwar zabiya ce, wadda a ƙuruciyarta waƙoƙinta suka riƙa zuga samari su tafi bida, har wanda ya zauna gida ya ji kunyar kansa. Cikin waɗanda suka tafi Abijan suka daɗe ba su komo ba har da mahaifin mai fim ɗin. Sai ɗan ya roƙi zabiyar ta bi shi har can, ta yi wata waƙar da za ta kira su gida. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa, kuma da wuya a sami gida a Tabotaki da wannan jawabi bai shafa ba. Fim ne mai kyau ƙwarai, mai natsuwa, wanda ya gane cewa talauci kaɗai bai isa ya bayyana bida ba, akwai kunya da gasa da neman suna a cikinta. Inda za a iya kama shi shi ne ya ɗora wa waƙa nauyin da ya fi ƙarfinta. Mutumin da ya shekara ashirin a Kwaddibuwa yana da mata da 'ya'ya da sana'a a can, idan ya dawo kuma gonar da ya bari an raba ta gado ko ruwa ya zaizaye ta. Matar da aka bari da yara da surukai tana da nata ra'ayin a kan wannan dawowa, kuma ba lalle ya zama na murna zalla ba. A tara matan 'yan bida ashirin a nuna masu wannan fim, abin da za su faɗa bayan an kashe na'ura zai fi duk abin da jaridun Faransa suka rubuta a kansa nauyi.

Na uku shi ne Marcher sur l'eau na Aïssa Maïga, wanda aka ɗauka a ƙauyen Tatiste cikin Azawak, arewacin jihar Tawa, aka kuma nuna a bikin Cannes na Faransa a 2021. Labarin wata yarinya ce Bafulatana 'yar shekara 14 da ke rainon ƙannenta tana tafiya mai nisa neman ruwa, iyaye sun fita neman abin sawa a baka, gari yana fafutukar a haƙa masa rijiyar burtsatse. Hotunan suna da kyau matuƙa, har kyan ya so ya yi yawa. Akwai wuraren da mai kallo zai ji an tsara zancen an ce a maimaita, kuma daga farko har ƙarshe ana jin cewa idon da ake so a burge na Bature ne mai damuwa da sauyin yanayi. Wannan ba zunubi ba ne, tunda a ƙarshe ruwa ya fito. Sai dai yarinyar Adar da ke jan guga a rijiya mai gaba da yawa ita ce za ta fi kowa sanin ko haka ƙishirwa take, ko kuwa an yi mata kwalliya.

Al'amarin ya daɗe. Tun da aka buɗe aikin raya karkara na Keita a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, hotunan matan yankin ɗauke da duwatsu a ka, suna jera su don tare ruwa a kan tudu, suka shiga rahotanni da tarurrukan ƙasashen waje. A 2005, lokacin matsananciyar yunwa, masu ɗaukar hoto sun cika Tawa da Keita da Maraɗi, aka nuna wa duniya yara masu tamowa a hannun uwayensu, gwamnatin Tandja Mamadu tana musun cewa yunwa ce. A duka biyun Ba'adare shi ne abin kallo. Da wuya a ce an dawo masa da hoton an tambaye shi ko haka yake, ko ya yarda a nuna matarsa cikin wannan hali.

Alhali kuwa a ƙasar nan ne aka kafa misalin yin hakan. A farkon shekarun 1950 Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin farautar dorina tare da masunta Sorko na yankin Ayoru, mai suna Bataille sur le grand fleuve. Da ya gama haɗa shi a Faransa sai ya komo da shi, ya kafa farin ƙyalle a garin, ya nuna wa masu shi. Masuntan suka kalla, suka gane kansu da mamatansu, sa'an nan suka yi masa gyara. Ya sa kiɗa a daidai wurin farauta don ya ƙara armashi yadda ake yi a Turai. Suka ce masa wannan ba daidai ba ne, farautar dorina shiru take so, kiɗa ƙarfin zuciya zai ba ta ta tsere. Rouch ya karɓi gyaran, ya cire kiɗan, kuma ya riƙa ba da wannan labari har ƙarshen rayuwarsa, wadda ta ƙare a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004. Mutanen da ba su taɓa shiga gidan sinima ba suka koya wa gwani sana'arsa, don kawai ya yi tawali'un tambaya.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Umaru Ganda, wanda Rouch ya samu yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan ya sa shi a Moi, un noir na 1958, shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame. Mustafa Alasan kuwa a Tawa ya yi zamansa shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015. Fim ɗinsa na 1966, Le Retour d'un aventurier, labarin saurayi ne da ya dawo daga ƙasar waje da tsarabar kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi gari suna kwaikwayon abin da suka gani a sinima. Shekara kusan sittin ke nan, amma kamar jiya aka yi shi don samarin da ke dawowa da aski da tafiya da maganar da suka kwaso a waya. A watan Oktoban 2024 an sauya wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai suna, aka cire na Rouch aka sa na Mustafa Alasan. Girmamawa ce da ta dace da shi. Amma sauya allo a bakin ƙofa aiki ne na yini ɗaya, kuma bai sa ɗan jihar da mutumin ya zauna a cikinta ya ga fim ɗinsa ko ɗaya ba. An kafa cibiyar kula da sinima ta ƙasa tun 2008. Ya kamata a tambaye ta finafinan 'yan ƙasa nawa ta kai gundumar Buza tun daga ranar.

Za a ce ana fama da tsadar hatsi da 'yan bindiga a kan iyaka, wa ke ta fim? Amsar ita ce jama'a suna ta fim ɗin ko an so ko ba a so ba, kuma daga ɗan abin da ke aljihunsu suke biya. Tunda kallon ba zai tsaya ba, abin da ya rage shi ne me ake kallo. Wasu malamai kuma za su ce fim ɓata tarbiyya yake yi, gara a hana. Kano ta gwada wannan hanya. Ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, an ɗaure masu shirya fim a 2008, a watan Mayun 2025 ma hukumar ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kawo mata su ta duba ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai bai hana memori cika a kasuwannin Adar ba. Hukuma tana iya yanke wurin rawa, ba ta iya sa mai kallo ya gane ƙarya idan an shirya masa ita da kyau. Wannan sai uwar da ta kalla tare da ɗiyarta ta ce mata kin ga wannan, ba haka aure yake ba, ko dattijon da ya zauna a fada ya ce wa samari shi ya je Abijan, ba haka ake samun kuɗi ba.

Su ma masu shirya finafinan suna da nasu laifin. Kuɗin aikin daga Turai yake fitowa, haƙƙin mallaka yakan zauna a hannun kamfanonin can, sunan fim da Faransanci, fassarar da ke ƙasa da Faransanci, kuma tsoron masu satar fasaha ya sa ake ɓoye shi kamar zinariya. Sakamakon haka shi ne fim ɗin da aka yi da Hausar Adar tsantsa ya fi sauƙin samu a Paris a kan Madawa. Wanda ya ci kyauta da hoton mutane, mafi ƙarancin abin da zai saka masu da shi shi ne ya bar su su gani, ko da ba zai sami ko dala ba.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin gina gidan sinima ba. Ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant ta nuna tun farkon shekarun 2000 cewa mota ɗaya da janareta da farin ƙyalle sun isa a yi majigi a ƙauye, a kuma miƙa wa jama'a makirufo bayan an gama. Cibiyar sinima ta ƙasa tana iya sasantawa da masu haƙƙin waɗannan finafinai, ta miƙa su ga masu tura fim na kasuwannin Buza da Keita da Madawa kyauta, su raba yadda suke raba na Kano. Gidajen rediyon karkara suna iya ware awa ɗaya a mako, a buɗe layi, mai sauraro ya kira ya faɗi fim ɗin da ya kalla da abin da ya gani a cikinsa, a naɗi muryoyin a aika wa wanda ya shirya shi. Wakilan da aka naɗa su riƙe ƙananan hukumomi kuwa abin da ake nema a wurinsu izinin taro ne da fili da tsaro.

Sai a kula da lokaci. Idan aka kawo majigi tsakiyar rani, za a tarar da mata da tsofaffi, waɗanda aka yi Koukan Kourcia dominsu suna Abijan. Idan aka kawo da damina ta kankama, kowa ya gaji da noma, hanyoyin cikin duwatsu da ƙoramu kuma ba su biyuwa. Ya kamata a yi zuwa biyu: ɗaya da rani saboda mata, da wuri kafin dare ya yi nisa, a kuma ba su makirufo su kaɗai ba tare da maza sun tsaya a kansu ba, ɗaya kuma da kaka, bayan an ɗaure dammunan gero, kafin motocin 'yan bida su fara lodi.